Yadda Ake Yin Tortiyar Masara A Gida Ga Mazauna Turai

Duk wanda ya taɓa zama a Meziko, ko a jihohin Amurka irin su Texas da Kalifoniya, har ya saba cin tortiyar masara, wato siririyar gurasa mai faɗi ta 'yan Meziko, da zafinta daga kan kasko, idan zama ya mayar da shi Ingila ko Jamus zai tarar cewa abin da manyan kantuna ke sayarwa da wannan suna wani abu ne dabam. Yawanci na alkama ne, ko gaurayen alkama da masara, an ƙunshe a leda da magungunan hana lalacewa domin ya daɗe a kan kanta. Mafita ita ce mutum ya yi da hannunsa, kuma kayan haɗin uku ne kacal: gari, ruwa da gishiri. Sai dai na ga ɗalibai da matan aure da dama sun gwada sun watsar tun a karon farko, kuma kusan dukkansu a wuri biyu suke tuntuɓe, wato wajen sayen gari da wajen sa ruwa.

Bahaushe idan ya ji an ce masara, garin tuwo ne ke fara zuwa masa a rai, musamman da yake ana samunsa da sauƙi a shagunan 'yan Afirka. Garin tuwo ba ya yin tortiya ko kaɗan, domin duk yadda aka kwaɓa shi ba zai haɗe ya shimfiɗu ba, wargajewa zai yi a hannu. Haka ma polenta ta Italiyawa, da farin sitacin masara da ake kauri da shi a miya, da garin Harina P.A.N. na Benezuwela mai ledar rawaya, wanda ya fi ruɗin mutane saboda yakan zauna kusa da garin da ake nema a kanta ɗaya, alhali shi na yin arepa ne, wata waina mai kauri ta mutanen can. Abin da za a nema shi ne wanda aka rubuta sunan "masa harina" a jikinsa, kamar na Maseca ko na Bob's Red Mill, kuma a duba jerin kayan haɗin a tabbatar an ambaci cal, sinadarin da ake dafa masarar da shi, ko lambarsa E526.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda ake sarrafa masarar. Mu surfa masara muke yi mu cire dusa, su kuwa mutanen Meziko tun kafin zuwan Turawa suna dafa tsabarta ne a ruwan da aka sa wa cal, wani farin sinadari dangin farar ƙasa, ko kuma a ruwan toka, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke su niƙa ta da jiƙonta. Wannan dahuwa ce ke saɓule ɓawon, ta canza ƙwayar ta yadda kwaɓinta zai riƙe kansa, ta kuma ba ta ƙamshin da ake sanin tortiya da shi. Ita ce kuma ke sakin sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara, abin da ya sa cutar pelagra, mai zuwa daga rashin wannan bitamin, ta addabi talakawan arewacin Sifaniya da Italiya bayan da suka rungumi masara ba tare da wannan dabara ba. Garin masa harina wannan kwaɓi ne aka busar aka mayar gari. A Landan ana samunsa a shagunan 'yan Latin Amurka na unguwar Elephant and Castle, a sauran garuruwa kuwa oda ta intanet ta fi sauƙi. Ƙunshin kilo 1 yana ba da tortiya wajen 60, don haka ko an haɗa da kuɗin aikowa ya fi na kanti araha.

A auna gari giram 250, wato kofi 2, a zuba a roba da rabin cokalin shayi na gishiri, sannan a kawo ruwa mai ɗumi sosai mililita 350. Kada a yi da ruwan sanyi, domin garin ba ya shan sa da kyau. A zuba kashi uku cikin huɗu na ruwan, a cakuɗa da hannu, a riƙa ƙara ragowar kaɗan-kaɗan ana murzawa na tsawon minti 3 zuwa 4. Babu fargabar a murza ya wuce kima kamar yadda ake yi da fulawa, saboda masara ba ta da danƙon alkama.

A nan ne ya kamata a natsu, domin adadin da aka rubuta a bayan leda mafari ne kawai, kuma kusan kullum yana kasawa. Garin da ya daɗe a ajiye, ko wanda ya zauna a gidan da na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iskarsa a lokacin hunturu, ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba. Masu koyo suna tsayawa da zarar kwaɓin ya haɗe wuri guda ya daina manne wa roba, suna ganin ya yi, alhali a wannan mataki da sauransa. Kwaɓin da ya isa yana da laushin curin fura sabon kirɓi, yana da sanyin danshi a hannu, amma ba ya barin komai a yatsu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a gutsiri kaɗan, a mulmula, a danne shi tsakanin tafukan hannu biyu. Idan gefensa ya tsattsage, ruwa bai isa ba, sai a ƙara babban cokali ɗaya a sake murzawa a sake gwadawa, ko da za a maimaita sau huɗu. Idan kuwa ya manne a tafi ya ƙi ɓantaruwa, ruwa ya yi yawa, sai a barbaɗa gari kaɗan. A ganina gara kwaɓi ya karkata wajen laushi da ya karkata wajen tauri, domin mai laushi wahalar ɗauka kawai zai ba mutum, busasshe kuwa ba zai taɓa kumbura a kasko ba, kuma da an lanƙwasa shi zai karye.

Daga nan a rufe robar da jiƙaƙƙen tawul, a bar kwaɓin ya huta minti 20 zuwa 30. Bayan hutun lallai a sake gwajin nan, saboda garin ya ci gaba da shan ruwa yana ajiye, kuma sau da yawa wanda ya yi daidai ɗazu yanzu ya koma yana tsagewa. Idan ya yi, a raba shi curi 16, kowane kimanin giram 35, a mayar da su ƙarƙashin tawul ɗin a riƙa zaro ɗaya-ɗaya.

Wanda zai riƙa yi kowane mako ya sayi matsin ƙarfe na tortiya, amma ba dole ba ne a farko, domin tukunya mai nauyi da shafaffen gindi, ko tasar gilashi ta gashi, tana yin aikin. Katakon murza fulawa ne bai dace ba. A samo ledar ajiya a firiza mai kauri, a yanke gefunanta biyu ta buɗe kamar littafi, a sa curin a tsakiya, a rufe, a danne da nauyin jiki, a juya ledar a sake dannawa a hankali domin kaurin ya daidaita. Abin da ake so faɗin santimita 13 zuwa 15 ne, kaurin kuma kimanin milimita 2. A ɓare ledar sama, a kife tortiyar a tafin hannu, sannan a ɓare ta ƙasa. Ledar ake cirewa daga jikin kwaɓin, ba kwaɓin ake ja ba.

Kasko ya zama na baƙin ƙarfe mai kauri, busasshe, babu ko ɗigon mai, kuma a ɗora shi a wuta mai ɗan ƙarfi minti 5 kafin a fara. Kaskon da aka shafe cikinsa don hana kamu ba ya son irin wannan zafi ba komai a ciki. A buɗe taga, domin ƙararrawar hayaƙi ta gidajen haya ba ta da haƙuri. A shimfiɗa tortiyar, bayan daƙiƙa 20 zuwa 30, da zarar gefenta ya fara sakin kasko, a juya. Wannan juyi na farko kada a yi jinkirinsa, domin idan fuskar farko ta bushe sosai kumburi ya tafi. Fuska ta biyu ta samu minti 1, har ta yi ɗige-ɗigen ja, sannan a sake juyawa. A nan tururin da ke ciki zai raba ta biyu ta kumbura, idan ta yi nawa a ɗan danna tsakiyarta da naɗaɗɗen tawul.

Kowacce ta sauka a jefa ta cikin tawul mai tsabta a rufe, a jera sauran a kanta, a bar su minti 10, domin tururin junansu ne ke ƙarasa dahuwar ya ba su laushin naɗewa. Ragowar tana kwana 3 a firji cikin leda, a ɗumama a busasshen kasko bayan an shafa mata ruwa kaɗan, waɗanda suka yi tauri kuma a yanka su a soya. Mai son ta alkama irin ta jihar Sonora ya lura cewa girke-girken asali da kitsen alade ake kwaɓa su, sai ya maye gurbinsa da man shanu ko man gyaɗa, ya kuma tambaya kafin ya saya a shagon 'yan Meziko.