Darasi Na 7: Sandar Fatsa Mai Manaɗi, Zaɓenta da Kula da Ita

Kowa ya san fatsar yara: sandar gora, da zare, da ƙugiya, a soka tana a zauna bakin kududdufi ana jiran tarwaɗa. Yau za mu koyi wata irin fatsa da ake shigo da kayanta daga waje. Sandarta tana da zobba, tana da manaɗin zare mai hannu, ƙotonta kuma na roba ne ko na ƙarfe. Da ita ake farautar kifin da ke cin ɗan'uwansa kifi, kamar giwan ruwa da tsage.

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: sanda, zobe, manaɗi, kwarkwaro, birki, ƙoto, ƙugiya, laba.

Don wane kifi aka yi kayan?

Da yawa daga cikin kayan da za ka gani a kasuwa, sababbi da 'yan gwanjo, don wani kifin Amurka aka ƙera su, sunansa bas. Kifi ne mai faɗin baki. Yakan laɓe a gindin kututture ko cikin ciyawar ruwa, ƙaramin kifi ko kwaɗo na giftawa ya cafke. Haka giwan ruwa yake yi a Kainji da Jebba da kogin Binuwai, shi ya sa dabarar ta zo ɗaya.

Amma girman ba ɗaya ba ne. Bas mafi girma da aka rubuta a tarihin kamu kilo 10 ne da 'yar ɗoriya. An kama shi a jihar Jojiya a 1932, kuma sai a 2009 wani Bajapane ya kama daidai da shi a tafkin Biwa. Giwan ruwa kuwa, a shekarar 2000 an fito da mai kilo 104 da irin wannan fatsa a tafkin Nasser na Masar. Ba kullum ake gamuwa da irinsa ba, amma ko mai kilo 15 ya isa ya karya sandar da aka yi don kifin kilo 2.

Mai shago zai ce maka, "Malam, wannan ko kada ta kama sai ta fito da shi." Ka amsa masa cikin ladabi, "To Alhaji, miƙo ta in karanta jikinta tukuna." Duk abin da kake son sani a rubuce yake a jikin kayan.

Sanda

Duba sama da mariƙi kaɗan. Za ka ga layin ƙananan rubutu kamar haka:

7'0"   MH   10-20 lb   10-30 g

Na farko tsawo ne: ƙafa 7 da inci 0, wato mita 2 da ɗan abin da ya ɗara. Wannan tsawon ya dace da jifa daga gaɓa, kuma bai yi wa kwalekwale yawa ba. Haruffan tsakiya ƙarfin sanda ne. L mara ƙarfi ce, M matsakaiciya, H mai ƙarfi, MH kuma tsakanin M da H. In sanda ɗaya kuɗinka zai saya, sayi MH. Alamar lb tana nufin laba, laba ɗaya kuma ta kusa rabin kilo. Wato sandar tana son zaren da ke ɗaukar laba 10 zuwa 20 kafin ya tsinke. Na ƙarshe nauyin ƙoton da za ta iya jefawa ne, giram 10 zuwa 30.

Akwai sandar gilashi, akwai ta kabon. Ta gilashi ta fi nauyi, ta fi araha, ta fi jure wahala. Ta kabon shafal take, kifi na taɓa ƙoto za ka ji a hannunka, amma ƙwanƙwasa ɗaya a bakin kwalekwale na iya zama ajalinta. Mai koyo ya fara da ta gilashi. Kowace iri ce a hannunka, hadari na tasowa ka kwantar da ita ka bar ruwa, kuma ka kula da wayar lantarki in kana tafe da ita a tsaye. Ta kabon ta fi haɗari, domin wuta tana bin jikinta.

Kafin ka biya, zura ɗan auduga ta cikin kowane zobe. In auduga ta maƙale, zoben ya tsage ko da ido bai gani ba, kuma zai riƙa yankar maka zare.

Manaɗi da birkinsa

Manaɗi iri biyu ne. Akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, akwai mai zama a bisanta. Na bisa gwanaye ke so, amma a hannun sabon shiga jifa ɗaya zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ɗauki mai rataya. Lambar jikinsa girmansa ce: 2500 ƙarami ne, 4000 ya dace da sandar da muka karanta, 6000 na manyan kifi ne. A jikin kwarkwaro kuma, wato inda zare ke naɗuwa a manaɗi, za ka ga rubutu kamar 0.35 mm / 150 m, ma'ana yana cin mita 150 na zare mai wannan kauri.

Yanzu mu tsaya a kan birki, don a nan mafi yawan masu koyo ke asarar kifi. Birki shi ne ɗan murfin da ake murɗawa a kan kwarkwaro. Aikinsa ya saki zare in kifi ya fizga da ƙarfi, kafin zaren ya kai ga tsinkewa. Farkon da na fara, na ɗauka wannan sakin lalacewa ce, sai na ɗaure shi tamau. Wata safiya a ƙasan wasu duwatsu wani abu ya ɗauki ƙotona, sanda ta lanƙwashe har mariƙi. Ban kai ga cewa bismillah ba na ji tas! Wani dattijon masunci da ke warware kallinsa a gefe ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaro, ai doki mai gudu sai an sakar masa linzami yake gajiya." Ko kifin ban gani ba, ga ƙoto ya tafi.

Ga yadda ake saita shi a gida. Birki ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zare mai laba 20 yana ɗaukar kimanin kilo 9, don haka ana son birki ya saki tsakanin kilo 2 da kwata zuwa kilo 3. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Zuba lita 2 da rabi a galan, ka ɗaura masa zaren, ka nuna kan sanda ƙasa saitin galan, ka ɗaga a hankali. In galan ya tashi sama zare bai motsa ba, birki ya yi tsauri, sassauta. In zare yana ta zuba galan na zaune, ƙara ɗaurewa. Daidai shi ne galan yana shirin barin ƙasa, zare ya fara fita sannu, ba da fizga-fizga ba.

Zare

A nan ne ba a yin rowa. Zaren nailan yana da araha, yana miƙewa kamar roba, wannan kuma yana yafe wa mai koyo kuskurensa. Maƙiyinsa rana ce. Wanda ya daɗe a rataye a ƙofar shago yana shan zafi ya riga ya mutu, ko da yana sheƙi. Kitsattsen zare ya fi siranta da ƙarfi, ba ya miƙewa, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Kada ka naɗa shi a yatsa ka ja, yana yanka kamar reza.

Cika kwarkwaro har ya rage kamar milimita 2 ko 3 ya kai baki. In bai cika ba jifa ba ta nisa, in ya wuce zare ya riƙa zubowa dunƙule.

Tsage haƙora gare shi kamar ƙusa, don haka a sa guntuwar waya mai tsawon taki ɗaya tsakanin zare da ƙoto. Giwan ruwa ba shi da irin waɗannan haƙora, amma murfin kumatunsa yana da kaifi, yana yanke siririn zare, yana yanke hannu. A sa masa nailan mai kauri kamar kamu biyu a gaba.

Ƙullin nailan: zura bakin zare ta idon ƙugiya, ka naɗe shi a jikin uwar zaren sau 6. Dawo da bakin ta ƙaramar kafar da ke kusa da idon, ka sake zura shi ta babbar kafar da ta samu. Jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali. Ƙullin da aka ja a bushe yana ɗaukar zafi ya raunana.

Ƙoto

A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura manyan kifi sun fi kai wa ɗan kifin da ya ji rauni hari. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar azurfa, ya sa shi yana tangaɗi a ruwa. Har yau ana sayar da ƙoto da sunansa. Tangaɗin nan shi ke jan kifi, fiye da fentin da ke jan mai saye.

Guda uku sun ishe ka farawa: cokalin ƙarfe mai walƙiya don tsage, ɗan kifi mai leɓe don giwan ruwa, da ɗan kifin roba mai laushi da ake sa wa ƙugiya mai kan dalma. Dogon leɓe yana nutsewa ƙasa, gajere yana tafiya kusa da sama. Ruwa mai haske, sa mai launin azurfa. Jan ruwan damina, sa rawaya ko mai ƙararrawa a ciki. Cokali yana murɗe zare, sai an haɗa shi da ɗan ƙarfen nan mai juyawa. Ƙugiyoyin da ke zuwa da ƙoton bas sirara ne, giwan ruwa yana miƙar da su, a sauya da masu kauri.

Bayan an dawo gida

Goge sanda da manaɗi da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar su su bushe a inuwa. Kada ka tsoma manaɗi a ruwa, kada ka ajiye shi a kan yashi. Sassauta birki gaba ɗaya kafin ka adana, in ba haka ba fayafayan da ke cikinsa su danne su taurare. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a hannun manaɗi, ɗaya a ɗan gargaren da zare ke bi, ya wadatar. Da hunturu ka sa manaɗi a tsohuwar safa, don ƙura in ta haɗu da mai tana cin ƙarfe.

Bi mita biyun ƙarshe na zare da yatsu. In ka ji kaushi, yanke ka sake ƙulli. Ja tsinin ƙugiya a kan farcenka: in ta kama tana da kaifi, in ta zame a wasa ta. Kada ka haɗa ƙoton roba mai laushi da mai tauri wuri ɗaya, suna narka juna. Sanda kuma a rataye ta a miƙe, ba a jingine ta a lanƙwashe ba.

Aiki

1. Rubuta ma'anar wannan: 6'6"  M  8-17 lb.
2. Zarenka mai laba 30 ne, wato kimanin kilo 13 da rabi. Lita nawa za ka zuba a galan don saita birki?
3. Me ya sa ake sa waya in za a kama tsage?
4. A zama na gaba kowa ya zo da zare kamu biyu da tsohon makulli mai huda. Da su za mu gwada ƙullin, har hannu ya saba.