Yadda Za Ka Sa Baki a Harkar Lafiyar Abinci

Ranar da na ɗauko wani gwangwani na ga murfinsa ya kumbura, ina buɗewa wari ya daki hancina, sai na jefa shi a shara. Har yau ina cizon yatsa, domin da hannuna na zubar da hujja.

In ka gamu da irin wannan, kada ka yar. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe, musamman inda aka buga lambar rukunin kaya da ranar ƙarewar wa'adi. Da wannan lambar hukuma ke bin sawu har masana'anta, ta sa a janye sauran daga kasuwa. Adana rasit. In wani ya ci ya kwanta, rubuta lokacin da ya ci da lokacin da ciwon ya fara, ka karɓi takardar likita. Sannan ka kai ƙorafi a rubuce ga hukumar kula da abinci ta ƙasarka.

Kada ka raina ƙorafinka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 kowace shekara, 420,000 na rasuwa. Sau da yawa sai ƙorafe-ƙorafe sun taru ake gane annoba ta ɓulla.

Sai daftarin doka, wanda hukumomi da dama kan fitar don jin ra'ayin jama'a. Kamfanoni ba sa fashin amsawa, mu masu ci ne kan yi gum, abin yana ci mini rai. Ambaci sashen da ya dame ka, faɗi dalilinka, kawo gyaran da kake so, ka aika kafin wa'adi ya cika.