Babi na 6: Gyara Tsohon Manifol na Salansa da Ɗaura Shi a Jikin Tarakta

Darasi na farko: Sanin abin da ke hannunku

Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke manne a gefen kan silinda (wato murfin saman injin), wanda yake tattara hayaƙin da injin ya fitar ya tura shi cikin bututun salansa. Kafin ku taɓa komai, ku ƙirga bakunansa da ramukan notinsa ku gwada da na jikin injinku, domin wanda aka ciro daga matacciyar tarakta ba lallai ne ya shiga taku ba, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, akwai mai injin dizal na Perkins mai silinda uku, akwai kuma mai shan fetur, kuma manifol ɗinsu ba iri ɗaya ba ne. Ku sani kuma cewa da ƙarfen zubi ake yin sa, shi kuwa ƙarfen zubi idan ya sha bugu ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Saboda haka kada ku buge shi da guduma, kada kuma ku jefar da shi a ƙasa.

Darasi na biyu: Wankewa da neman tsagewa

Ku goge tsatsar da burushin waya, ku ƙwaƙule baƙin hayaƙin da ya daskare a cikin rassan, sannan ku jiƙa jikinsa duka da kananzir ku bar shi ya ɗan jima. Bayan haka ku share shi da tsumma har ya bushe, ku shafa masa garin alli. Duk inda akwai tsagewa, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya jiƙa allin, sai ku ga siririn layi mai duhu kamar zare. Ku fi lura da inda rassan suka haɗu da kuma gefen ramukan noti.

Idan kun sami tsagewa, ku kai wa mai walda wanda ya san ƙarfen zubi. Shi zai huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagewar don kada ta ci gaba, ya dumama ƙarfen duka, ya yi amfani da sandar walda ta nikel, ya kuma binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. Wanda ya watsa masa ruwa don ya yi saurin sanyi ya lalata muku kaya.

Darasi na uku: Fuskar da ke haɗuwa da injin

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka ku karanta wannan darasi a hankali, in ya kama ku maimaita shi sau biyu babu laifi. Fuska ita ce gefen nan mai santsi inda bakunan manifol suke kwanciya a jikin kan silinda. Fuska biyu ce ake magana, ta manifol da ta injin, kuma dole ne a kankare su duka biyun har sai farin ƙarfe ya bayyana. Ragowar tsohon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin fuskokin biyu don kada hayaƙi ya fita, yana mannewa ya yi baƙi har mutum ya ɗauka ƙarfe ne. Ku sa farce ku ji. Idan farcenku ya ci karo da wani tudu, komai ƙanƙantarsa, to fuskar ba ta kankaru ba, ku koma ku sake.

Kafin ku kankare ta jikin injin, ku toshe ramukan da tsumma mai tsabta domin kada datti ya faɗa ciki, kuma ku tuna ku cire tsumman idan kun gama. Ku riƙe makankarin a kwance, kada ku caka bakinsa cikin ƙarfen. Ita kuwa fuskar manifol, ku shimfiɗa sanfefa a kan gilashi mai kauri, ku kifa fuskar a kai, ku riƙa gogawa gaba da baya da nauyi iri ɗaya. Kada ku riƙe sanfefa a yatsa ku goge baki ɗaya ku bar sauran, domin hakan rami yake yi.

Yanzu sai awo. Ku ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a tsaye a kan bakunan duka, ku haska tocila ta baya, ku sunkuya ku duba. Idan haske ya ratso ta ƙarƙashin rular, to zafin shekaru ya karkatar da ƙarfen, kuma ta wannan kafar hayaƙi zai riƙa fita. Idan kafar ƙarama ce ku ci gaba da gogawa a kan gilashin, idan kuwa babba ce ku kai wa masu injin daidaita ƙarfe su share fuskar. Ba abu ne mai wuya ba, kowa zai iya, haƙuri kawai yake so.

Amma fa na gaji da ganin mutum ya goge fuskar manifol tana ƙyalli, ya bar ta jikin injin da dattinta, sannan ya dawo yana cewa gasket ɗin ne ba shi da kyau. Gasket ba ya cike ramin da ganda ta bari. Wasu kuma sukan lafta gam na silikon don su rufe aibin, alhali zafin wurin yana kai ɗaruruwan digiri, gam ɗin ya ƙone ya zube. Na sake faɗa: fuska biyu, a kankare, a ji da farce, a ɗora rula, a haska tocila. Wanda bai yi wannan ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba.

Darasi na huɗu: Fenti da ɗaurawa

Ku fesa fentin da aka yi don zafi, irin wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure digiri 600 ko fiye, amma kada ya taɓa fuskar da kuka sha wahalar kankarewa. Ku sa sabon gasket, tsoho ba ya komawa. Ku shafa ɗan giris ɗin da aka haɗa da jan ƙarfe a zaren ƙusoshin da notin ke hawa, ku ɗaura notin duka da hannu tukuna, sannan ku ɗauki sifana ku fara matsewa daga na tsakiya zuwa na gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Wanda ya matse na gefe ɗaya har ƙarshe tun farko yana iya karya kunnen manifol.

Darasi na biyar: Gwaji

Ku tayar da injin a fili, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. Idan kun ji ƙara tana fita tas-tas daga gefen injin, ko kuka ga baƙin tabo a bakin gasket, akwai yoyo, ku koma darasi na uku. Idan babu, ku bar injin ya yi zafi, ku kashe, ya huce sarai, ku sake bin notin da sifana daga tsakiya.