Yadda Ake Tsara Direban da Zai Riƙa Buga Wuta a Ƙafafun GPIO

Duk wanda ya taɓa ɗora wa famfon ban-ruwa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, a fadamar Kwalkwalawa ko ta Wurno, ya san cewa aikin yana tsayawa ne a kan bugu: a ɗaga ƙafa ɗaya ta GPIO, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan allon kwamfutar da ake iya kunna wa wuta ko a kashe, zuwa bolt 3.3 na wani ƙayyadadden lokaci, a sauke ta, a wasu ayyukan kuma a maimaita sau dubbai ba tare da lissafi ya goce ba. Wannan lissafi hakkin direba ne, wato shirin da ke sarrafa na'ura kai tsaye daga cikin kanel, zuciyar tsarin aikin kwamfuta, domin manhajar da ke saman kanel tana iya makara ko ta mutu.

A fara da tantance irin bugun da ake so. Bawul ɗin ruwa mai maƙalewa bugu ɗaya gajere yake bukata, ya buɗe ya zauna a buɗe. Motar sabo (servo) kuwa, wadda ke juyawa ta tsaya inda aka umarce ta, tana jiran bugu duk bayan milisakan 20, tsawonsa kuma tsakanin milisakan 1 da 2 shi ke nuna inda za ta juya. Saboda haka direba ya karɓi lambobi biyu, tsawon zagaye da tsawon kunnawa, dukansu a nanosakan kamar yadda sashen PWM na Linux, mai kula da irin wannan bugu, ke yi, kuma ya ƙi duk bukatar da kunnawarta ta fi zagayenta tsawo.

Daga nan a duba ko allon yana da na'urar bugu ta kansa. A Raspberry Pi ƙafafun GPIO na 12, 13, 18 da 19 suna da ita, kuma inda take a miƙa mata aikin kawai. Sauran ƙafafun sai da agogon kanel, kuma a nan ne zaɓi ke da nauyi. Direban gpiopwm da ya zo da tsarin aiki na NetBSD 6.0 a 2012 ya dogara da bugawar agogon tsarin. Idan agogon yana bugawa sau 100 a daƙiƙa, mafi ƙanƙantar taki milisakan 10 ne, wanda ya ishi fitila mai ƙyaftawa amma bai kusa isar motar sabo ba. A Linux a yi amfani da hrtimer, agogon kanel mai ƙanƙantar taki sosai, kuma a riƙa lissafa wa'adi na gaba daga wa'adin da ya wuce. Idan aka lissafa daga lokacin da aka farka, ƴar makara tana taruwa har zagayen ya miƙe.

Akwai wani rami da ɗalibai ke yawan faɗawa. Aikin hrtimer yana gudana ne a yanayin da ba a yarda a jira komai ba, alhali ƙafafun da ke kan guntun ƙara yawan ƙafafu irin MCP23017 sai an aika musu saƙo ta layin I2C an jira amsa. A tambayi gpiod_cansleep ta kanel tun wajen rajistar direba, idan ta ce ƙafar mai jira ce a ƙi ta.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ƙarshen bugu. Idan manhaja ta mutu ƙafa tana sama, nannaɗen wayar bawul ɗin da aka yi domin bugu gajere zai yi ta shan wuta, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, ƙonewarsa ba ta ɗaukar lokaci. Tsohuwar hanyar sarrafa ƙafafu daga manhaja, wato sysfs, wadda aka daina ba da shawararta tun Linux 4.8 a 2016, tana barin ƙafa yadda take bayan mai ita ya tafi. Don haka idan aka rufe fayil ɗin na'urar, direba ya fara kiran hrtimer_cancel, ya tabbata agogon ya tsaya, sannan ya mayar da ƙafar matsayin da ba ya cutarwa. Idan aka juya wannan jeri, agogon zai iya sake ɗaga ta. A lura kuma cewa wasu allunan rile (relay), makunnin da wuta ke sarrafawa, da saukar wuta suke kunnuwa, matsayinsu na aminci yana sama ke nan. Sabon tsawo da aka aiko ana cikin bugu a ajiye shi ƙarƙashin kulle sai zagayen ya cika.

A gwada da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun wuta, yayin da kwamfutar ke fama da kwafar manyan fayiloli, domin a lokacin ne rawar bugu ke bayyana. Ƙafar Raspberry Pi kada a ja mata fiye da miliamfa 16: a sa tiransista tsakaninta da bawul, da diyod a kan nannaɗen, da resista mai riƙe ta a matsayin aminci kafin direba ya tashi.