Kurakuran da ke mayar da tulin taki ƙaramin juji

Idan ragowar abinci da ɓawo suka je juji aka danne su, sai su ruɓe ba iska, su riƙa fitar da iskar metan, wadda ta ninka hayaƙin kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Shi ya sa sarrafa wannan shara ta zama taki a inda aka tara ta, a gida ko makaranta ko gidan abinci, yake da amfani sosai. Sai dai yawancin masu farawa suna hana tulin nasu iska, sai ya koma yin abin da juji yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba ɗanyen kaya zalla. Ɓawo da ragowar kayan lambu da ɗanyar ciyawa cike suke da ruwa da nitrojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma. Idan babu busasshen abu a tsakaninsu, manne wa juna suke yi su zama caɓi. Hanci ne zai fara gaya maka: wari irin na fitsari alama ce nitrojin ya yi yawa yana ficewa a matsayin iskar amoniya, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa yana nufin iska ta ƙare a ciki. Gyaran iri ɗaya ne. Kowane bokiti ɗaya na ɗanyen kaya, a haɗa shi da bokiti 2 zuwa 3 na busasshen ganye, kara ko yagaggen kwali, sannan a juya. Dusar katako ma tana yi, amma kaɗan-kaɗan, don tana da wuyar ruɓewa.

Sai ruwa. Ana so danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Ka damƙi taki daga tsakiyar tulin ka matse: idan ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, daidai ne. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ƙara busasshe. Idan ya marmashe, yayyafa ruwa kana juyawa, don ruwan da aka kwara a sama kawai ba ya kaiwa ciki.

Ƙaramin tuli ba ya riƙe zafi. A tara shi ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a kuma sassare manyan abubuwa su koma kamar santimita 5. Tuli mai lafiya yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius cikin 'yan kwanaki, kuma wannan zafin ne yake kashe ƙwayoyin cuta da yawancin irin ciyawa. Idan ya doshi 70, juya shi, domin ƙwayoyin halittar da ke aikin ruɓar da sharar su ma sun fara mutuwa. Wajen juyawa, abin da ke gefe shi ne zai koma tsakiya. Mutane da yawa saman kawai suke taɓawa.

Nama, ƙashi, mai da madara suna jawo ɓeraye da ƙudaje. Kashin kare da na kyanwa kuma na ɗauke da cuta. Kada a saka su a tulin. Toka ma a yi hattara da ita, don yawanta yana kore nitrojin.

Gaggawar kai taki gona ma tana ɓata aiki. Takin da bai nuna ba yana ƙwace nitrojin daga ƙasa, shuka ta yi ɗorawa. Bayan ya daina zafi ko an juya, a bar shi ya kwanta aƙalla mako 4. Kafin a yi amfani da shi, a shuka 'yan ƙwayoyin iri a tukunya mai takin, wasu a ƙasa zalla. Idan na takin suka ƙi tsiro ko suka tsumbure, a ƙara masa lokaci.