Yadda za ku haɗa yaranmu da na wata ƙasa ta hanyar zane

Malamai 'yan uwana na Zariya, abin nan ba sai da kuɗin jirgi ba. Ku nemi makaranta ɗaya a Maraɗi ko Kumasi, ku buɗe guruf na WhatsApp ku malamai kawai, banda yara.

Sai kowane yaro ya zana unguwarsu da abincin gidansu da ranar sallah ko kirsimeti, ɗan Tudun Wada da ɗan Wusasa kowa nasa, a ɗauka a waya a tura. Nan fa aikin yake, in zanen can ya iso kar ku yi saurin bayani, ku bari yara su faɗi abin da suka zata game da mutanen, wani zai ce ai matsafa ne wani ya yi dariyar kayansu, kar a daki kowa don Allah, a tambaye shi a ina ya ji, sannan mai zanen ya amsa da kansa ta bidiyo. Wannan amsar ta fi wa'azin malami shiga.

Ku basu labarin Zaria Art Society ta 1958, ƙungiyar ɗalibai masu zane, inda Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ƙabila daban-daban, suka yi aiki tare a garin nan.

A ƙarshe ku yi baje kolin zanen yaran, ku sa shi 16 ga Nuwamba, ranar haƙuri da juna ta duniya, ku gayyato iyaye.