Yadda na rabu da cunkoson Mararaba

Shekara uku ke nan ina zaune a Mararaba, ina aiki a Wuse, cikin Abuja. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma duk wanda ya taɓa maƙalewa a Nyanya da ƙarfe bakwai na safe ya san sauran labarin. In fita yara na barci, in dawo sun sake kwanciya, har autata ta fara yi mini ƙiwa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya riƙa lashe albashin tun kafin wata ya raba.

Sai na nemo maƙwabta uku da muke bin hanya ɗaya, ɗayansu yana da tsohuwar Golf. Duk daren Lahadi mu haɗa kuɗin man mako. Da an sallame sallar Asuba mu kama hanya, kafin motocin Masaka da Keffi su cika titi mun wuce mahaɗar AYA. Tafiyar awa biyu ta koma minti arba'in. Wanda ya makara kuma ba a jiransa, wannan dokar ce ta riƙe mu, don ni kaina sau biyu ana barina a bakin masallaci.

Saura dawowa. Na roƙi maigidana na wurin aiki in riƙa kama aiki ƙarfe bakwai, in tashi bayan La'asar. Ya ɗan ja, daga baya ya ce, “To, a gwada wata ɗaya.” Ba mu sake tayar da maganar ba.

Karin kumallo dai a mota muke yi: filas ɗin shayi a tsakanin ƙafafu, ƙosai a leda.